Yaya Ake Gane Shekarun Ƙasusuwan Gadufawa?

Wani mai sauraronmu daga Agadas yana tambaya: yaya masana suka san shekarun manyan ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa?

To malam, duk mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon-14. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa, rabi duk shekara 5,730. Da awon abin da ya rage na sinadarin aka gano kwalekwalen Dufuna na Yobe ya kai shekara 8,000. Amma bayan shekara 50,000 awon ba ya aiki. Ƙasusuwan Gadufawa kuwa sun haura shekara miliyan 100, don haka shimfiɗar dutsen da suka kwanta ciki ake dubawa, a kwatanta ta da irinta inda aka auna yuraniyam, wanda ke rikiɗewa dalma sannu a hankali.