Yadda Ake Kama Zirga-zirgar Bayanai a Rumbun Ajiyar da Aka Kulle da Tsaro

Darasinmu na yau ya ɗan yi zurfi, amma duk mai son aikin netwok ko tsaron kwamfuta wata rana zai ci karo da shi. Tambayar ita ce: ma'aikata suna kukan cewa fayil yana ɗaukar minti biyu kafin ya buɗe, kai kuma an hana ka cikakken iko a kan rumbun da fayilolin suke ciki. Ta yaya za ka gano inda matsalar take?

Duk abin da ke tafiya a netwok, hoto ne ko saƙo ko fayil, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana a aika, kowane yanki ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Waɗannan yankuna su ake kira fakit. Kama zirga-zirga na nufin kwafe fakit ɗin yayin da suke wucewa, a zuba su cikin fayil mai ƙarewa da .pcap don a duba daga baya. Mashahuriyar manhajar wannan aiki ita ce tcpdump, wadda Van Jacobson da Craig Leres da Steven McCanne suka rubuta a 1988 a Amurka. Ta karanta fayil ɗin kuwa ita ce Wireshark, wadda Gerald Combs ya fara fitarwa a 1998 da sunan Ethereal kafin a sauya mata suna a 2006.

Wane irin kulle ne wannan?

Mu ɗauki rumbun PowerScale na kamfanin Dell, wanda a da ake kira Isilon. Ba kwamfuta ɗaya ba ce. Gungun na'urori ne da aka haɗa suna aiki tamkar rumbu guda, a kan tsarin OneFS da aka gina bisa FreeBSD. Yana da wani tsari mai suna SmartLock, wanda idan aka kunna matakinsa mafi tsauri, fayil ɗin da aka kulle ba ya gyaruwa kuma ba ya goguwa sai wa'adinsa ya cika. An yi haka ne don cika ƙa'idoji irin doka mai lamba 17a-4 ta hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka, wadda ta shafi adana bayanan ciniki.

Tunda asusun root yana iya goge komai, a wannan mataki rufe shi ake yi baki ɗaya. Abin da ya rage maka shi ne asusun compadmin, wanda ke gudanar da wasu zaɓaɓɓun umarni ta hanyar sudo. Ka tuna wayarka ta Android da ba a yi mata root ba: kana amfani da ita, amma akwai ɗakunan da ba ka da makullinsu. To matsalar ita ce, sauraron katin netwok kai-tsaye yana cikin ayyukan da ke buƙatar babban iko.

Don haka matakin farko, kafin komai, ka rubuta:

`sudo -l`

Zai jero maka umarnin da aka yarje maka. Idan tcpdump na ciki, madalla. Idan babu, kada ka fara neman dabarar tsallake katanga. A irin wannan wuri, ƙoƙarin hakan kaɗai ya isa ya raba mutum da aikinsa, kuma akwai wasu hanyoyi da za mu zo gare su.

Nemo na'urar da ta dace

Nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci. Gungun yana da tsarin SmartConnect da ke rarraba masu shigowa tsakanin na'urorinsa, don haka mai kukan nan ba lallai yana kan na'urar da ka shiga ba. Sai ka yi awa guda kana kama iska. Je ka kwamfutarsa, idan Windows ce ka rubuta `netstat -n | findstr :445`, za ka ga adireshin IP na na'urar da yake magana da ita. Lamba 445 ita ce ƙofar SMB, hanyar da Windows ke raba fayiloli. Na Linux galibi NFS suke bi, ƙofarsa 2049. Bayan ka shiga waccan na'ura, `ifconfig` zai nuna maka sunan katin da ke riƙe da adireshin.

Umarnin kansa

`sudo tcpdump -n -i SUNAN_KATI -s 256 -C 200 -W 10 -w /ifs/data/Isilon_Support/kamu.pcap host 10.0.0.25 and port 445`

Adireshin 10.0.0.25 misali ne kawai, ka sa na kwamfutar mai matsalar. Wannan sashe na ƙarshe shi ne matata: fakit ɗin mutum ɗaya, ta ƙofa ɗaya. Kada ka raina shi. Layin da ke gudun gigabit 10 a daƙiƙa idan ya cika yana kwararo gigabait 1.25 duk daƙiƙa, wato gigabait 75 a minti ɗaya. Ba matata, kafin ka sha ruwa ka dawo ka haifar da sabuwar matsala da ta fi ta farko. Shi kuma -C 200 tare da -W 10 yana cewa a yi fayiloli goma, kowanne bait miliyan 200, idan sun cika a koma kan na farko. Ko ka manta da shi har gobe, ba zai wuce gigabait 2 ba.

Wanda na fi son ku lura da shi shi ne -s 256. Idan ba ka sa shi ba, tcpdump zai kwafe kowane fakit ɗungurungum. Idan ba a ɓoye zirga-zirgar da sirri ba, wannan na nufin takardun da aka kashe maƙudan kuɗi wajen killacewa yanzu suna cikin wani fayil da kai ka ƙirƙira, wanda ƙila za ka tura wa masu gyara a wata ƙasa. Da -s 256, bait 256 na farko kawai ake ɗauka, wanda mafi yawansa kanun bayani ne: wa ya tambaya, me ya nema, yaushe aka amsa. Duk da haka sunan fayil ko ɗan gutsuren abin da ke ciki na iya shigowa, saboda haka izinin mai kula da tsaron wurin a rubuce ba abin wasa ba ne. A ganina a fara da gajere, sai idan bai wadatar ba a ƙara.

Sai inda za a ajiye. Kada ka rubuta a /var, domin wurin ƙarami ne kuma cikarsa na iya rikita na'urar. Mafi hatsari kuma, kada ka kuskura ka ajiye cikin foldar SmartLock. Ana iya saita irin wannan folda ta kulle duk fayil ɗin da ya ɗan jima ba a taɓa shi ba, da kanta. Idan hakan ta faru da kamunka, ya zauna ke nan har wa'adi ya ƙare, ko da shekaru ne, kuma babu asusun da zai goge shi. Wani ƙaramin abu: yi amfani da -w, ba alamar > ba, domin ita alamar da ikon asusunka take buɗe fayil, ba da ikon sudo ba.

Yanzu ka kunna, ka ce wa mutumin ya sake buɗe fayil ɗin, ka rubuta lokacin daidai, sannan ka danna Ctrl+C. Duba layin ƙarshe da tcpdump zai nuna, mai ƙirga fakit ɗin da suka zube ba a kama ba. Idan adadin da yawa, ƙara matse matatar ka sake.

In an hana tcpdump fa?

Kowace magana tana da ɓangare biyu. Kama a kwamfutar mai matsalar da Wireshark ba ya buƙatar komai daga rumbun. Ko kuma mai kula da netwok ya saita suwic ya kwafo zirga-zirgar wata ƙofa zuwa wata, ka saurara daga can. Ko da an yarje maka tcpdump ma, kama ɓangarori biyun a lokaci guda shi ya fi, domin fakit ɗin da ya bar nan bai isa can ba, a hanya ya ɓace.

A Wireshark, rubuta `tcp.analysis.retransmission` ka ga fakit ɗin da aka sake aikawa. Yawansu na nuna layi ko suwic. `tcp.analysis.zero_window` yana nuna wanda ya ce a dakata masa ya cika. `smb2.time > 1` kuwa yana tace amsoshin da suka ɗauki fiye da daƙiƙa ɗaya. Idan a kamun da ka yi kan rumbun tambaya ta iso lafiya amma amsa ta makara, to rumbun ne ke jan ƙafa, a kyale masu netwok su huta.

Mai son gwadawa ba sai ya mallaki rumbun miliyoyi ba. Manhajar PCAPdroid ta Android tana kama zirga-zirgar wayarka ba tare da root ba, ta hanyar kafa VPN na cikin wayar da bayanan ke ratsawa. Zaɓi manhaja ɗaya, kama na minti ɗaya, fitar da fayil ɗin .pcap ka buɗe a Wireshark. Yawancin abin da ke ciki a ɓoye yake saboda HTTPS, amma za ka ga sabobin da take tuntuɓa da tsawon lokacin da kowace ke ɗauka kafin ta amsa. A kan wayarka da netwok ɗinka kaɗai za ka yi wannan gwaji.