Me Ya Sa Ake Haɗa Ƙarfen Flyback Da Giraun?

Har yanzu masu gyara a Jega, Aliero da Maiyama suna karɓar tsofaffin talabijin masu ƙaton baya. Taransifomar cikinsu, wato flyback, tana ɗaga wuta zuwa kusan volt 25,000. Baƙin ƙarfen tsakiyarta ba ya kan layin wutar, amma yana tara caji. Idan maƙalin da ke riƙe shi ya rabu da giraun ɗin fanel, cajin zai nemi mafita: tartsatsi, ƙarar "tsss", hoto na rawa, wani lokacin IC ta ƙone. Ƙura da laimar damina suna ƙara dagula lamarin.

Yawancin cajar waya ma flyback ce, ƙarama. Sai dai gilashin talabijin yana riƙe wuta ko an zare filogi, don haka a bar wa gwani ya sauke ta kafin a taɓa.