Darasi na 14: Zuwa Gida Biki, daga Greensboro zuwa Maraɗi

Gabatarwa

Wannan darasi ya shafi wata al'ada ta Hausawa mazauna ƙasashen waje, wato komawa gida lokacin bukukuwan aure. An ɗauki misali da 'yan Nijar da ke zaune a birnin Greensboro na Amurka. A lura da kalmomin biki da na abinci, da kuma yadda ake amfani da "kan" wajen faɗin abin da aka saba yi.

'Yan Nijar a Greensboro

Greensboro birni ne a jihar Karolina ta Arewa. A ƙidayar 2020 yana da mutum kusan 300,000, kuma shi ne na uku a girma a jihar. Amurkawa sun san shi da masaƙu da jami'o'i. Mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram kuwa sun san shi da wani abu dabam: yana cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa. Akwai Zabarmawa, akwai Hausawa, akwai sauran ƙabilun ƙasar.

A shekarun 1990 suka fara yawaita. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, kaya suka yi tsada, samari da yawa suka fita neman abin kansu. A tsakiyar waɗannan shekaru ne kuma Amurka ta fara ba da izinin zama ta hanyar cacar biza. Wanda ya riga zuwa yakan sauki ɗan'uwansa ko abokinsa, ya nema masa aiki a masana'anta, ko sito, ko otal, ko tuƙin mota. Da haka jama'ar ta kafu, har aka haifi 'ya'ya a can. Duk da haka, idan mutum ya ce "gida", ba Greensboro yake nufi ba.

Ma'anar biki

Baƙo yana iya mamakin yadda mutum zai kashe abin da ya tara cikin shekara guda don ya halarci auren ƙanwarsa. Amsar tana cikin kalmar "biki" kanta, domin ma'anarta biyu ce. Ta farko ita ce taron murna, kamar na aure ko na suna. Ta biyu ita ce gudummawar da ake kai wa mai taron, wadda shi ma zai mayar ranar da hidima ta sami wanda ya kawo masa. A tsakanin mata akan tuna abin da kowace ta kawo, wasu ma sukan rubuta a littafi, kuma a wurare da dama akan ƙara a kan abin da aka karɓa idan za a mayar. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna wannan musaya tsakanin ƙawaye a ƙasar Zazzau. Barbara Cooper kuma, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bayyana yadda kayan aure da kyaututtuka suke nuna darajar mace da yawan jama'arta.

Saboda haka biki tamkar bashi ne, kuma ba da kuɗi kaɗai ake biyansa ba. A yau mutum yana iya aika kuɗi daga Greensboro su isa Maraɗi cikin 'yan mintoci. Za a gode masa, a sa masa albarka. Amma Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda aka gani a wurin ɗaurin aure, ya tari baƙi, ya shiga gida gida ya gai da tsofaffi, shi ne ake ƙidayawa cikin dangi. Wanda ya shekara goma sai aike, sannu a hankali akan daina shawara da shi, ko da shi ne ya biya kuɗin gado da katifa.

Zaɓen lokaci

Tun da can, aure a ƙasar Hausa yana da lokutan da ya fi yawa. Na farko shi ne bayan kaka, lokacin da gero da dawa suka shiga rumbu, aka sayar da wake da gyaɗa, kuɗi suka zo hannu. Na biyu shi ne gab da azumi, musamman a watan Sha'aban, domin iyaye sukan so amarya ta tare kafin Ramadan. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 11 ko kusa da haka, wannan lokaci yana matsowa kowace shekara. A 2025 azumi ya kama a farkon Maris, ke nan Sha'aban ya faɗo cikin Fabrairu, ana ƙarshen sanyi.

Mazaunin Amurka kuwa yana da nasa lissafin. Dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani ya ba ma'aikaci hutu tare da albashi ba, don haka mutane da yawa sukan sami mako biyu ko uku kawai, wasu kuma su tafi ba albashi. Hutun makarantun yara na ƙarshen Disamba bai wuce kimanin mako biyu ba. Dogon hutu yana kamawa daga Yuni zuwa Agusta, wato tsakiyar damina, lokacin da mutanen gida suke gona, sauro kuma ya yi yawa. Shi ya sa sa rana takan zama doguwar shawara ta waya. Sau da yawa dangi sukan haɗa aure biyu ko uku cikin wata guda, domin na nesa ya yi tafiya ɗaya ya halarci duka.

Hanya

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Amurka zuwa Yamai. Matafiyi yakan fara zuwa wani babban birni kamar New York ko Washington, daga can ya bi ta Kasabalanka ko Istanbul, sa'an nan ya sauka a filin jirgin sama na Diori Hamani. Kafin 2023 mutane da yawa ta Paris suke bi, amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekara jiragen Air France suka daina zuwa. Dole ne kuma kowa ya riƙe katin rigakafin cutar shawara.

Daga Yamai zuwa Maraɗi fiye da kilomita 600 ne, tafiyar wuni guda a babbar motar fasinja. Wani lokaci ma tafiyar ba a nan take ƙarewa ba. Sarakunan Katsina da suka bar birninsu a zamanin jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo, a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa sarautar Maraɗi, kuma har yau gidaje da yawa suna da dangi a ɓangarorin biyu. Ana iya ɗaura aure a Maraɗi a kai amarya Katsina, a bi ta Ɗan Isa da Jibiya. Da aka rufe wannan iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, zumunci irin wannan ya sha wuya.

Akwatunan matafiyi kuwa rabinsu tsaraba ce: turare, takalma, agogo, jakunkunan mata da wayoyi. Akwai kuma saƙonnin abokan zama na Greensboro, waɗanda ba ya iya ƙin ɗauka, tun da wata rana shi ma zai ba da nasa.

Kwanakin biki

Kafin matafiyi ya iso an riga an kai lefe, an sa rana, an fitar da anko. Hidimar mata takan fara da kamu da sa lalle. Ranar ɗaurin aure maza sukan taru a masallaci ko a ƙofar gidan iyayen amarya. Wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a, a raba goro da alawa da dabino. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa suke bi, mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. Bayan haka sai wuni na mata, da kai amarya, da sayen baki, da buɗar kai. Daga baya iyayen amarya su kai gara.

A cikin wannan duka, wanda ya zo daga Amurka ba a ɗauke shi baƙo ba. Ana sa ran zai ba da gudummawa mai tsoka, zai yi wa maroƙa kyauta, zai kuma kewaya gidajen da aka yi rasuwa ba ya nan ya yi gaisuwa. Idan ya isa gidan 'yar'uwar mahaifinsa, ya durƙusa, gaisuwar takan tafi kamar haka:

Gwaggo: Maraba da mutanen Amurka! Sannu da hanya.
Ɗa: Yauwa, Gwaggo. Mun same ku lafiya?
Gwaggo: Lafiya lau. Ina ka baro iyali?
Ɗa: Suna lafiya, suna gaishe ku. Ina hidima? Allah ya sanya alheri.
Gwaggo: Amin. Allah ya bar zumunci.

Abinci da hira

A Greensboro mutum yakan ci abinci shi kaɗai a wurin aiki, yana duban agogo. A gidan biki kuwa ba a cin abinci a kaɗaice. Akan zuba shinkafa da nama ko tuwo da miyar kuka a babban faranti, mutum biyar ko shida su kewaye shi, kowa ya ci gabansa. Maƙwabta da dangi sukan aiko wa wanda ya dawo da kwanon abinci: wannan waina, wannan dambu da zogale, waccan fura da nono. Ba a mayar da kwano ba a taɓa ba, domin yin haka raini ne. Cikin kayan gara kuma akwai alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda ake rabawa gidajen dangi, kowa ya san an tuna da shi.

Da dare maza sukan koma fada, wato dandalin da abokai suke zama a bakin titi. Akan dafa shayi a kan gawayi, a sha sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. A nan ne abokan ƙuruciya suke ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu, su tambaye shi yadda ake samun biza, wani kuma ya ja shi gefe ya faɗi buƙatarsa. Wanda ya buɗe hannu da yawa ya koma da bashi, wanda ya ƙi kuma a ce Amurka ta canza shi.

'Ya'yan da aka haifa a can su ma suna da nasu darasin. A gidan biki suke sanin wane ne kawu, wace ce inna, su koyi cin tuwo da hannun dama, su ji kakanni suna yi musu wasa. Iyaye da yawa saboda wannan suke jure tsadar tikiti.

Waɗanda ba su iya zuwa

Ba kowa ne yake da ikon wannan tafiya ba. Mai katin zama na dindindin yana iya zuwa ya dawo, amma idan ya wuce shekara guda a waje ba tare da izini na musamman ba, yana iya rasa katin. Wanda kuwa takardunsa suka ƙare, bisa wata doka ta 1996, idan ya zauna fiye da kwana 180 ba izini sa'an nan ya fita, za a hana shi komawa shekara 3, idan zaman ya kai shekara guda kuma, shekara 10. A Disamban 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta taƙaita wa mutanensu shiga, ko da yake umarnin bai shafi masu katin zama na dindindin ba.

Irin waɗannan mutane sukan wakilta wani ɗan'uwa, su bi ɗaurin aure ta bidiyon waya. Da yake a lokacin sanyi Nijar tana gaba da Greensboro da awa 6, auren da aka ɗaura da hantsi yakan same su kafin asuba. A ƙarshen mako sukan yi walima a can, 'yan gari su taru, kowa ya kawo gudummawa. Wanda ya dawo daga gida kuma yakan raba musu kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa. Kilishi ne kawai ba ya isowa, domin ma'aikatan kwastan na Amurka ba su yarda a shiga da nama ba. Ta haka littafin biki ya zama biyu, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Greensboro, kuma mutum ɗaya ne yake biyan duka.

Sababbin kalmomi

Lefe: tufafi da kayan ado da ango yake kai wa amarya.
Anko: tufafi iri ɗaya da dangi ko ƙawaye suke ɗinkawa don biki.
Waliyyi: namijin da yake da ikon ba da mace aure.
Tarewa: komawar amarya gidan mijinta.
Gara: kayan abinci da iyayen amarya suke kai wa gidan ango.
Tsaraba: kyautar da matafiyi yake kawowa.

Bambancin karin harshe

A Maraɗi za a ji "buki" maimakon "biki", "arme" maimakon "aure", "hura" maimakon "fura", "lahiya" maimakon "lafiya". Wajen kuɗi kuma, dala ɗaya sefa 5 ce, jikka ɗaya sefa 1,000.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai ne suka sa 'yan Nijar suka yawaita a Greensboro?
2. Mene ne ma'anoni biyu na kalmar "biki"?
3. Me ya sa dangi sukan haɗa aure biyu ko uku cikin wata guda?
4. A bayyana karin maganar "zumunci a ƙafa yake". Yaya ta shafi wanda ba shi da takardu?
5. A nemo jimloli biyar masu "kan" a cikin darasin, a mayar da su korau, kamar haka: "yakan sauki ɗan'uwansa", "ba yakan sauki ɗan'uwansa ba".
6. A rubuta shafi guda a kan yadda dangi suke taruwa don aure a wata ƙasa, a kwatanta da na Hausawa.