Kafin Ku Sake Ɗora Tukunyar Kyandir

Ƙungiyar tallafa wa marayu da ta taɓa yin kyandir ta daina, yanzu kuma take son komawa don samun kuɗin makarantar yara, ta fara duba kasuwa kafin ta sayi ko kilo ɗaya na kaki. Zamani ya juya. Fitilar sola da tocilar waya sun karɓe aikin da kyandir ke yi in an ɗauke wuta. Masu saye yanzu su ne coci-coci, masu yin kek, otal-otal da masu kayan amare da ke son mai ƙamshi. Ku same su, ku ji girma da launin da suke so, in da hali ku karɓi kuɗin kafin alƙalami.

Sai batun zafi. Kyandir ɗin zallan farafin lanƙwashewa yake yi a shago cikin bazara, shi ya sa ake haɗa masa sitiyarin, kimanin kashi 10 cikin 100, don ya yi tauri. Kakin zuma ya fi jure zafi, kuma masu kiwon zuma na sayar da shi. A narka kaki a tukunya cikin ruwan zafi, kada a ɗora shi kai tsaye a wuta, domin yana kamawa da wuta. Lagwani kuwa na auduga, wanda ya dace da kaurin kyandir.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran. Wurinsu aji ne, aikin tukunya na manya ne. Ku ware asusun sana'ar daban, ku riƙa karanta wa masu ba da gudummawa lissafin abin da ya shiga kuɗin makaranta kowane zango.