Me Ya Sa Yaronku Yake Gudun Darasin Motsa Jiki?

Wataƙila kun taɓa ganin haka a gidanku. Yarinyar da bara take tsere da ƙannenta, bana ta shiga koleji, duk ranar da za a yi darasin motsa jiki sai ta ce kanta yana ciwo. Ko yaron da a da ba ya zama wuri ɗaya, yanzu in malami ya busa usur sai ya laɓe a bayan aji. Uba ya ce lalaci ne. Uwa ta ce taurin kai ne. Wani lokaci har a ɗauko bulala.

Kafin ku ɗauko bulala, ku karanta wannan darasi. Sau da yawa ƙafar yaro lafiyarta ƙalau. Abin da ya hana shi fita fili yana cikin zuciyarsa.

Abin da ke faruwa a jiki

Ƴan mata sukan fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, samari kuma tsakanin 9 da 14. Kowa da lokacinsa. Shi ya sa a aji ɗaya za ku ga wani ya yi tsawo, muryarsa ta buɗe, wani kuma sa'arsa ne amma har yanzu ɗan ƙarami. Yarinya ta fara ƙirgar dangi, ta fara ganin jinin al'ada. Ƙuraje su fito a fuska, gumi ya fara wari. Hannu da ƙafa sukan yi tsawo da sauri, har yaro ya riƙa tuntuɓe kamar jikin ba nasa ba ne. Duk wannan ba ciwo ba ne, girma ne.

Abin da ke faruwa a zuciya

Jiki yakan riga hankali girma. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taimakon mutum ya auna abu kafin ya yi, ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara 20. A shekarun balaga, abin da tsara suka faɗa yana da nauyi ƙwarai a wurin yaro. Yana ganin kamar idon kowa a kansa yake.

A cikin aji, yaro yana iya ɓuya a bayan littafi. A fili kuwa babu wurin ɓuya. Ga abubuwan da suka fi hana shi fita:

1. Kunyar jiki. Yarinya tana jin nauyin ta yi gudu a gaban samari, ko ta sa gajeren wando. Yaro mai ƙiba ko ramamme yana tsoron a laƙa masa suna.

2. Tsoron dariya. Wanda ya taɓa faɗuwa aka yi masa ihu ba ya mantawa da sauri. Haka wanda kullum shi ake bari a ƙarshe in ana raba ƴan wasa.

3. Jinin al'ada. Yarinya tana tsoron jini ya ɓata mata tufafi, musamman in makaranta ba ta da makewayi mai ƙofa da ruwa. Ba za ta iya gaya wa malami namiji ba, sai ta ce ciwon kai.

4. Talauci. Wanda ba shi da takalmi ko rigar wasa yakan gwammace a ce masa malalaci da a ce gidansu ba su da shi.

5. Bin abokai. In manyan ƙawayenta sun ce gudu na yara ne, ita ma za ta zauna a inuwa ko da tana so.

Wannan ba matsalar garinku kaɗai ba ce. A shekara ta 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da binciken ƴan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146. An gano 81 cikin 100 ba sa motsa jiki yadda ya kamata. A ƴan mata 85 ne cikin 100, a samari 78.

"Ai yaranmu suna aiki"

Gaskiya ne. Noma, daka, ɗebo ruwa, kiwo da tafiyar ƙasa zuwa makaranta duk motsa jiki ne. Hukumar ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 kowace rana yana abin da zai sa numfashinsa ya ƙaru, kuma yaran karkara da yawa suna samun haka. Amma ku tuna da waɗanda aka kai birni karatu, suna wuni a zaune a kan benci. Kuma wasa tare da tsara yana ba da abin da aikin gida ba ya bayarwa. Yaro yana koyon ya faɗi ya tashi, ya ci wasa ba da girman kai ba, a cinye shi ba da faɗa ba. Ƙashinsa yana ƙarfi, barcinsa yana daɗi, damuwarsa tana raguwa. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa ba su hana langa da kokowa da gaɗa a dandali ba.

Idan ciwo ne fa?

Kada ku ɗauka kullum kunya ce. Ku kawo yaro asibiti in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Yana haki da jiri bayan ɗan gudu kaɗan, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari. Yana iya zama ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, fitsarin jini da al'ada mai yawa duk suna kawo shi.

2. Tari ko shaƙewar numfashi a duk lokacin da ya yi gudu.

3. Ciwon ƙirji ko suma a lokacin wasa. Wannan kada a jira.

4. Ciwon mara mai tsanani da ke kwantar da yarinya kowane wata.

5. Ya daina cin abinci, ya daina magana da mutane, ya bar duk abin da yake so fiye da mako 2, ko yana maganar mutuwa.

Mai amosanin jini, wato sikila, yana iya wasa, amma ya sha ruwa da yawa, ya huta in ya gaji, kada a tilasta masa gudu cikin zafin rana. Ku sanar da malaminsa.

Abin da za ku yi

Ku iyaye, ku tambaya a keɓe, ba a gaban ƙanne ba. Maimakon "Don me ka ƙi?", ku ce "Me ke faruwa a filin?" Sannan ku yi shiru ku saurara. In bai faɗa yau ba, ku sake gwadawa wata rana. Uwa ko inna ko yaya ta koya wa yarinya yadda za ta yi ƙunzugu mai tsabta ya zauna sosai, ta gaya mata cewa motsa jiki a lokacin al'ada ba ya cutarwa, yakan ma rage ciwon mara. Ku je ku ga malami, ku roƙa a bar ta ta sa dogon wando da riga mai faɗi. In yarinya tana tsoron wani mutum ɗaya, malami ko ɗalibi, kada ku yi wasa da maganar. Ku bincika.

Ku malamai, ku raba ƴan wasa da kanku. Ku hana dariya tun ranar farko. Ku yabi wanda ya yi ƙoƙari ko da shi ne na ƙarshe. Kada ku sa gudu ya zama horo, don yaron da aka hora da gudu zai ƙi gudu. Inda ya yiwu, ku ba ƴan mata nasu gefen fili. A watannin zafi, ku yi darasin da safe, ruwan sha yana kusa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Lokacin da kuke shekara 14, me ya fi ba ku kunya? Wa kuka iya gaya wa?

2. A gidanku, wa yarinya za ta iya yi wa maganar al'ada ba tare da tsoro ba?

3. Waɗanne alamu ne za su sa ku kawo yaro asibiti?

4. Wane abu ɗaya iyayen garinku za su iya gyarawa a makaranta kafin ƙarshen bana?