Darasi na Goma Sha Huɗu: Tsibirin Sisiliya

Idan kuka dubi taswirar Turai, za ku ga ƙasar Italiya ta miƙe cikin Bahar Rum kamar doguwar ƙafa sanye da takalmi. A gaban ƙafar nan akwai wani tsibiri mai kusurwa uku. Shi ne Sisiliya, ɗaya daga cikin yankuna 20 na Italiya, kuma tsibiri mafi girma a Bahar Rum. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,700, wato ya ɗara Jihar Kano, amma mutanensa ba su cika miliyan biyar ba. Babban birninsa shi ne Palermo. Ruwan da ya raba shi da sauran Italiya, wato mashigin Mesina, bai wuce kilomita uku da 'yan kai ba a inda ya fi ƙunci. Daga yammacin tsibirin zuwa Tunisiya kuwa kimanin kilomita 150 ne. Ke nan Afirka maƙwabciyarsa ce ta kusa.

Ƙasar Sisiliya tuddai ce da duwatsu. Da rani tsakiyarta takan bushe ƙurmus bayan an girbe alkama. A gabas akwai Etna, dutse mai aman wuta, wanda tsawonsa ya haura mita 3,300. Da hunturu ƙanƙara takan rufe kansa, ga kuma hayaƙi yana fita ta saman ƙanƙarar. A shekarar 1669 narkakken dutse ya malalo daga gare shi, ya cinye ƙauyuka, har ya isa birnin Kataniya. To, me ya sa mutane ba su ƙaura daga gindinsa ba? Dalili shi ne, tokar da yake fitarwa taki ce. Lemo da zaitun da inabi suna yin kyau ƙwarai a wurin. Manomi ya san haɗarin, amma ya san kuma inda abincinsa yake.

Tsibirin da ke tsakiyar hanyar jiragen ruwa ba ya rasa baƙi, kuma ba kowane baƙo ne yake zuwa da sallama ba. Girkawa sun kafa birane a nan tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Har yau haikalinsu na dutse suna tsaye a Agirijento, wasu da ginshiƙansu cif. A birnin Sirakusa aka haifi Arkimidis, masanin lissafin nan da kuke jin sunansa a darasin kimiyya, a nan kuma wani sojan Roma ya kashe shi a shekarar 212 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Romawa suka ci birnin. Romawa suka mayar da tsibirin rumbun alkamarsu.

A shekarar 827 rundunar Musulmi ta taso daga Tunisiya ta sauka a Sisiliya. Abin mamaki, jagoranta ba barde ba ne. Tsohon alƙali ne mai suna Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Yaƙin bai zo da sauƙi ba: an ci Palermo a 831, amma Sirakusa ba ta faɗi ba sai a 878. Larabawa sun haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa don ban ruwa, suka yaɗa noman lemon tsami da rake da auduga. Sun bar sawunsu har a sunayen garuruwa. Sunan Marsala, alal misali, ya samo asali ne daga kalmar Larabci "marsa", wato tashar jirgin ruwa.

Daga 1061 zuwa 1091 wasu mayaƙa Kiristoci da ake kira Normawa, 'yan arewacin Faransa, suka ƙwace tsibirin. A nan ne labarin ya fi daɗi. Normawa ba su da yawa, kuma sun tarar da mutanen da suka fi su ilimi da iya mulki. Maimakon su kore su, sai suka ɗauke su aiki. Sarki Roja na Biyu, wanda aka naɗa a 1130, yana da magatakarda masu rubuta Larabci da Girkanci da Latin. Ya gina ƙaramar majami'a a cikin fadarsa a Palermo. Bangonta an lulluɓe shi da zane irin na Girkawa, wanda ake yi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi da ruwan zinariya, ana jera su ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito. Rufinta kuwa na katako ne, an sassaƙa shi rami-rami kamar saƙar zuma, irin na fadojin Musulmi, da rubutun Larabci a kewaye. Wanda ya shiga ya dubi bango, sai ya ce Turai yake. In ya ɗaga kai, sai ya ce Alƙahira. A 2015 Hukumar UNESCO ta saka wannan majami'a da sauran gine-ginen zamanin a jerin kayan tarihi na duniya.

A wannan fada wani malami ɗan Maroko mai suna Al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, tare da taswirar duniya wadda ta sa kudu a sama, arewa a ƙasa. Ya tattara bayanai daga bakin fatake da matafiya. A ciki ya ambaci Gana ta dā da Gawo da Kanem. Ku lura da wannan: shekara fiye da 850 da suka wuce, ana zaune a Palermo ana rubuta labarin ƙasashen Tafkin Chadi. Sai dai zaman lafiyar bai ɗore ba. Daga wajen 1220 Sarki Firedirik na Biyu ya riƙa kwashe sauran Musulmin tsibirin yana kai su wani gari a kudancin Italiya.

Bayan haka Faransawa sun yi mulki, Sifaniyawa ma sun daɗe suna yi. A 1860 Garibaldi ya sauka a Marsala da mayaƙa kimanin dubu, a 1861 kuma Sisiliya ta shiga sabuwar ƙasar Italiya. Talauci ya kori dubban 'ya'yanta zuwa Amurka. Ƙungiyar miyagu da ake kira Mafiya ta ɓata mata suna, har ta kashe alƙalai biyu masu bincikenta, Falcone da Borsellino, a 1992. A yau sunan waɗannan alƙalai ne aka raɗa wa filin jirgin saman Palermo.

Tarihin nan duka yana cikin tukunyar mutanen Sisiliya. A yamma, wajen garin Tarapani, kuskus ake ci. Ana murza garin alkama da hannu, a turara shi kamar yadda ake turara dambu, sannan a jiƙa shi da romon kifi. A titunan Palermo ana sayar da "panelle", wato soyayyen ƙullin garin wani irin wake, ɗan'uwan ƙosai, ana cusa shi cikin burodi. Akwai kuma "arancini": dafaffiyar shinkafa ce ake dunƙulawa, a sa nama a tsakiya, a soya har ta yi ja kamar lemo. Daga sunan lemo ma aka samo sunanta. Mutanen Palermo suna dunƙula ta kamar ƙwallo, na Kataniya kuwa suna yi mata tsini, kuma kowane ɓangare yana rantsuwa cewa tasa ce ta asali. A Kataniya ana cin taliya da tumatir da soyayyen yalo da cuku. Taliya tsohuwar sana'a ce a nan, domin Al-Idrisi ya rubuta cewa garin Tarabiya yana yin ta da yawa, ana lodin ta a jirage zuwa wasu ƙasashe. Da zafi kuma sai "granita", wato niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ruwan lemon tsami da sukari.

Har gobe ana tsallakowa daga Afirka zuwa Sisiliya. Tsibirin Lampedusa, wanda ke ƙarƙashin yankin, ya fi kusa da Tunisiya fiye da Sisiliya kanta. Can ne 'yan ci-rani da yawa suke nufa a cikin kwalekwale, cikinsu har da matasan Nijeriya da suka bi ta Agadas da Libiya. Ranar 3 ga Oktoba, 2013, wani jirgi ya nutse dab da gaɓar Lampedusa, mutum fiye da 360 suka mutu. Masuntan tsibirin suna cikin waɗanda suka fara kai ɗauki.

Ma'anar Kalmomi

tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye
mashigi: siririn ruwa tsakanin ƙasa biyu
barde: jarumin mayaƙi a kan doki
magatakarda: mai rubuta wa sarki wasiƙu
fatake: 'yan kasuwa masu tafiya mai nisa
kai ɗauki: gaggauta zuwa taimako

Tambayoyi

1. Me ya sa manoma suke zaune a gindin Etna duk da haɗarinsa?
2. Yaya Sarki Roja na Biyu ya bi da mutanen da ya tarar?
3. Waɗanne ƙasashen Afirka ta Yamma Al-Idrisi ya ambata?
4. Ku yi jimla da kowace ɗaya daga cikin waɗannan: ƙurmus, cif, dab da.
5. Ku zaɓi wani abinci na garinku wanda baƙi suka kawo, ku bayyana yadda ake dafa shi cikin jimla goma.