Darasi: Kalmomin Wasan Jimnastik

Jimnastik wasa ne na tsalle da lilo da juyi. Ana nuna shi a talabijin lokacin gasar Olamfik, wadda ake yi duk bayan shekara 4. Mutane da yawa suna kallo, amma ba su san abin da alƙalan wasan ke dubawa ba.

Adungure shi ne mutum ya dafa ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya mirgina. Yara ma suna yi a dandali. Alkafura kuwa juyi ce a iska, babu inda jiki ke taɓa ƙasa. Akwai ta gaba, akwai ta baya. In ɗan wasa ya naɗe gwiwoyinsa a ƙirji, ta fi sauƙi. In ya miƙe sambal, ta fi wuya, makinta kuma ya fi yawa.

Dira ita ce saukowa bayan juyi. Ana so ƙafafu biyu su kafe wuri ɗaya, kamar an dasa su. Taku ɗaya bayan dira yana rage maki. 'Yan wasa suna dira ne a kan katifa, mai koyarwa yana kusa. Yaron da ya kwaikwayi alkafura a kan busasshiyar ƙasa yana iya karya wuya. Wannan karaya tana shanye jiki, har ta kan kashe.

Maza suna gasa a fanni 6, mata a fanni 4. Cikin na mata akwai katako mai tsawon mita 5. Faɗinsa santimita 10 ne kawai, kamar tafin hannu. A kansa suke alkafura!

A da, maki 10 shi ne ƙarshe. A 1976, a birnin Mantiriyal na Kanada, Nadia Komanechi ta Romaniya ta sami 10 cif tana shekara 14. Allon makin ba ya iya nuna 10.00, sai ya nuna 1.00.

Daga 2006 aka raba maki biyu. Makin wuya yana auna wahalar abin da aka yi, kuma ba shi da iyaka. Makin kyau yana farawa daga 10, ana ragewa a kan kowane kuskure. Faɗuwa ɗaya tana cin maki 1 cur. Sai a haɗa biyun. Shi ya sa yanzu ake ganin maki 14 ko 15.

Faɗuwa ba ta barin gwani. A gasar Faris ta 2024, Simon Bayils ta Amurka ta ci lambar zinariya 3. Amma a wasan ƙarshe na katako ta zame ta faɗi, ta zo ta biyar.